Hannu na Huɗu na Kuza

Litinin, 1 ga Satumba

Sabuwa, wato sabuwar na'urar auna nauyi ta sashenmu, ta sake ba ni 291. Karo na nawa ke nan, na daina ƙirgawa.

Bari in rubuta abin dalla-dalla ko zuciyata ta ɗan huce. Sinadarin da na haɗa, ƙwayar kuza ce a tsakiya da hannaye huɗu. Uku irin waɗanda ake kira butil ne, da su ta zo a kwalbarta. Na huɗun shi ne nawa, shi na kwashe shekara uku ina ƙerawa ina liƙa mata. Duka-duka nauyin abin 510. In na ba na'urar auna nauyi, sai ta farfasa shi ta faɗa mini nauyin kowane guntu. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: guntu ɗaya tak wanda kuza ke riƙe da hannun nan na huɗu. Amma kullum 291, wato kuza da butil ɗinta uku, nawa hannun ko ƙurarsa babu.

Na kai wa Malam takardar. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Ai wannan abin da kika fara da shi ne. Da me zan gamsar da mai jarrabawa cewa kin haɗa wani abu?" Na ce sauran gwaje-gwajen sun nuna. Ya ce sun yi nuni dai, ba su nuna ba. Ba zai sa hannu a babi na huɗu ba sai da wannan shaidar. In babu babi na huɗu babu kundi, babu digiri. Hutun karatun da kwalejinmu ta ba ni kuma ƙarshen Oktoba zai ƙare. Sun ƙara mini sau ɗaya, sun ce daga shi ba ƙari.

Ina dawowa wadda muke kira Gaggawa ta leƙo ta kafaɗata. "Yaya, ko in gwada miki?" Ko kallonta ban yi ba. Tare muke digirin nan, teburinta na kallon nawa, amma yarinyar nan in ta wuce sai rigar aikinta ta kwashi wani abu. Bara ta fasa mini tulun da na yi sati biyu ina tace abu a ciki. Ko wankin kwalba ban yarda ta yi mini ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Maigida ya tambaye ni wai me na'urar take yi takamaimai, tunda kullum da sunanta nake dawowa gida kamar wata dangina. Na yi masa bayani muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Wato sai kin fasa tulu sannan ki tabbatar tulu ne?" Na ce ƙwarai, kuma ba a mayar maka da ɓaraguzan. Duk abin da ka ba ta ya tafi ke nan. Ya ce Allah ya rufa asiri, shi da yake haɗa wa mutane wuta a gidaje da haka yake aiki da tuni an ɗaure shi.

Ban iya gama abincin ba. Tun safe warin ɗakin gwaji ke taso mini da zuciya, warin da na saba da shi har ba na jin sa.

Alhamis, 4 ga Satumba

291.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sayo abin gwajin nan a kantin magani na bayan layi, ba na kusa da gida ba, don mai shagon nan bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Ciki ne.

Na zauna a bakin baho na daɗe. Ban yi kuka ba, ban yi dariya ba. Shekara tara da aure, ɓari biyu, na ƙarshen kafin in fara digirin nan. Na riga na sa wa raina cewa shi ke nan, kowa da rabonsa, nawa rabon kuza ce. Sai yanzu, saura wata biyu in gama.

Ban faɗa masa ba tukuna. Yana falo yana gyaran fankar maƙwabta.

Talata, 9 ga Satumba

Ni ce nake tara sababbin ɗalibai duk shekara in nuna musu kwalbar kuzar nan mai hoton ƙoƙon kai, in ce musu ta fata ma shiga take yi, mace mai ciki ko ƙofar ɗakin kada ta tsaya. Da bakina. Yau na sa safar hannu biyu, na ja gilashin akwatin zuƙe hayaƙi ƙasa har hannuna da kyar yake shiga.

Na ɗauko 'yar kwalbar sinadarina na ɗaga ta a hasken taga. Farin garin da ya rage a gindinta bai fi ƙwayar shinkafa uku ba. Gwaje-gwaje sun cinye sauran, Sabuwa ta fi kowa ci. In zan haɗa wani sai na yi wata ɗaya da rabi ina tsaye a kan ɗanyar kuzar, ina dafawa ina tacewa. Wannan kam ko ni mai taurin kai na san ba zai yiwu ba yanzu. Abin da ke cikin kwalbar nan shi ne duk abin da nake da shi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na je asibiti. Likita mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce sati bakwai ne ko takwas. Ta duba tarihina ta ce a bi a hankali. Ta tambayi aikina, na ce malamar makaranta. Ai ba ƙarya na yi ba.

Da yamma na faɗa wa Maigida. Yana tsaye da buta a hannu, sai kawai ya zauna a ƙasa, a kan siminti, butar na tsiyaya a wandonsa bai sani ba. Ya yi ta hamdala. Can ya ɗago ya ce, "Ɗakin gwajin fa?" Na ce sati biyu kawai nake buƙata. Bai ce komai ba. Na fi son ya yi faɗa da wannan shirun nasa.

Lahadi, 14 ga Satumba

To, faɗan ya zo.

Ba zan rubuta duka ba. Ya ce tun da muka yi aure bai taɓa cewa kada in yi wani abu ba, yau ma ba zai fara ba, amma in tuna ba ni kaɗai ke shaƙar iskar ɗakin ba yanzu. Na ce shi ya san abin da shekara uku take nufi? Ya ce ya san abin da tara take nufi.

Na shige kicin na yi ta wanke kwanukan da ba su da datti. Haushinsa nake ji saboda gaskiya ya faɗa. Ina son ɗan nan, Allah ya sani, har tsoro yake ba ni yadda nake son sa. Amma biyun da suka wuce a gida nake, ko ruwan bokiti ba na ɗauka, suka tafi. In na ajiye kundin nan, wannan ma ya tafi, da me zan tashi? Wannan ban faɗa masa ba. Ba maganar da ake faɗa ba ce.

Litinin, 15 ga Satumba

Na sake ba Sabuwa, na rage mata ƙarfi har ƙasa don kada ta buge shi da yawa. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta tafi. 291, da wani ɗan tsiro a gefensa, 323. Dama yana fitowa, ban taɓa ba shi muhimmanci ba.

Gaggawa ta kawo mini ruwan sanyi ban roƙa ba. Ta ce na yi fari. Na ce ta kula da abin da ke tafasa a teburinta.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kai! Kai! Kai!

Muna zaune a taron ƙara wa juna sani, wani baƙo yana ta zuba a kan robobi, barci na fizgata. Don kada in yi gyangyaɗi a gaban Malam sai na fara ɗebe lambobi a bayan hannuna. 323 a cire 291. Saura 32.

Talatin da biyu nauyin metanol ne.

Metanol ɗin da nake narkar da sinadarin a ciki kafin in ba na'ura. Sabuwa ruwa take sha, ba ta cin gari, kuma tun ranar da aka kawo ta kowa a sashen nan da metanol yake narkar da kayansa. Gorar tana nan a gefenta kullum, hannu ne kawai ke kaiwa, ba wanda ke tunani. Su masu sinadaran da babu ƙarfe a ciki ba abin da yake yi musu. Ni kuwa hannun nan na huɗu riƙon sakainar kashi kuza ta yi masa, butil ɗin ne ta riƙe gam. Da na zuba metanol sai ya ture nawa hannun ya zauna a gurbinsa. Tun a cikin kwalba, tun kafin a je na'ura. Ina ta zagin Sabuwa wai ta cika mugun bugu, ashe da hannuna nake cire shi in miƙa mata saura. Ita kuwa baiwar Allah gaskiya take faɗa mini, har da nuna mini ɓarawon zaune a kujerar, 323, ni ce ban duba ba.

Ban jira an tashi ba na rubuta a 'yar takarda na tura wa Malam. Ya karanta, ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Baƙon ya ɗauka shi ake yi wa dariya.

A ofis ya ce, "Takarda nawa kika kawo mini da lambar nan a jiki? Ni ma ido biyu gare ni." Na ce ko in canza ruwan narkarwa. Ya tambayi nawa ya rage, na nuna masa. Ya ce a'a, wannan ba na gwaji-gwaji ba ne, harbi ɗaya ne. A kai shi wurin Tsohuwa, tsohuwar na'urar sashen, a bushe, ba ruwan kowa. Ya tuna mini kada in sa ran ganin 510 a can. Tsohuwa da ilektiron take jifa, kuza kuwa da ta ji jifa take sakin butil ɗaya, halinta ne. 510 a cire 57. Abin da za mu nema 453. In ya fito da haƙoran nan na kuza, an gama magana.

Haƙoran su ne abin da nake so a aikin nan tun farko. Kuza iri goma ce a halitta, kowacce da ɗan bambancin nauyi, don haka duk guntun da take ciki ba layi ɗaya yake fitowa ba, jeri yake yi kamar haƙoran mataji, wani dogo wani gajere. Ko daga bakin ƙofa na hango shi na san ita ce.

Na dawo gida da murna. Maigida ya ce to yanzu saura kwana nawa. Murnar ta ragu.

Talata, 23 ga Satumba

Tsohuwa tana can ƙasan bene, a wani ɗaki marar taga mai warin man famfo. Injiniya ne ke kula da ita tun kafin a ɗauki Malam aiki, yana kuma yi mata magana kamar mutum.

Da ya ji kalmar kuza sai ya miƙe. "A cikin wannan? Ƙarfe? 'Yata, kin san abin da ƙarfe ke yi mata? Shafe mata ciki yake yi baƙi ƙirin, in kwana uku ina kankarewa da hannuna." Na roƙa. Na kira shi Baba. Na yaba masa yadda ta fi Sabuwa gaskiya, Allah ya yafe mini. Ya ce daɗin baki ba ya wanke na'ura.

Ina shirin fita ya ce in tsaya. Ranar Juma'a ta makon gobe masu gyara za su zo su kwance ta gaba ɗaya, wata guda ba za ta yi aiki ba. Tunda dama za a wanke ta, zai ba ni safiyar Alhamis, in zama ta ƙarshe, in ɓata ta son raina. Amma sharaɗi: shi ba ya taɓa kayan kowa. Mai abu shi ke ɗurawa, shi ke murza zafi, in ya ƙone kada a ce Injiniya.

Alhamis, biyu ga wata. Bayan ita Tsohuwa ba za ta farka ba sai hutuna ya ƙare.

Laraba, 24 ga Satumba

Na sauka na koyi hannu da wani gari marar cutarwa. Aikin ba wuya, sai dai ba ya son rawar jiki. Wata doguwar sanda ce mai ɗan ƙoƙon gilashi a baki, ƙoƙon bai kai kan ashana ba. Da bakin allura ake ɗibar garin a zuba. A tura sandar a hankali, a tsaya famfo ya zuƙe iska, a ƙara turawa. Sannan zafi. Nan ne gizo ke saƙar. In ka murza kaɗan-kaɗan garin yana tashi sannu, na'ura ta samu ta karanta. In ka yi hanzari duk ya tashi fuu lokaci ɗaya, kafin ka kalli allo an gama, ƙoƙo wayam.

Gaggawa ta biyo ni wai tana son gani. Ta tsaya a bayana hannayenta a aljihu, da alama ta san halin rigarta. Tambaya kuwa kamar 'yar jarida. Injiniya ya sake mata fuska, abin da bai yi mini ba.

Minti ashirin na yi a ɗakin na fita da gudu. Na kai bayi da kyar.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na ɗauko gorar da muke tara dagwalon kuza zan kai ma'ajiya, sai ji na yi an karɓe ta daga hannuna. Gaggawa. Na buɗe baki zan yi mata tas, ta riga ni. A hankali ta yi maganar, ba wanda ya ji.

"Yaya, safa biyu, lemon tsami a aljihu, bayi sau biyar kafin azahar. Ni ce ta bakwai a ɗakinmu, yayyena mata huɗu. Wata nawa?"

Na ce ba ruwanta. Ta ce haka ne, ba ruwanta, amma gorar nan ba zan ƙara ɗaukarta ba, in na musa kuma ta faɗa wa Malam yau ɗin nan. Ta wuce da ita rungume a ƙirji, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban taɓa ganin ta yi tafiya a hankali ba sai yau.

Raini ne. Amma na bar ta.

Litinin, 29 ga Satumba

Jini da safe. Kaɗan, amma jini. Haka ɓarina na biyu ya fara.

Ban san yadda muka isa asibiti ba. Likita ta duba, ta ce bakin mahaifa a rufe yake, wannan alama ce mai kyau, amma ba za ta ce komai ba sai an yi hoto. Mai hoton tana zuwa ranar Alhamis da safe. Kafin nan kwanciya, ba tsayuwa, ba hawa bene.

Ta sake tambaya ko ina yawan tsayuwa a aji. Maigida ya kalle ni. Kallo kawai. Sai na faɗa mata gaskiyar inda nake wuni da abin da nake taɓawa. Ta ajiye biro. Ta ce, "Ban ce aikinki ne ya jawo ba. Ban kuma ce ba shi ba ne. Ke kin fi ni sanin abin da ke cikin kwalaben nan." Ta ce ƙafata kada ta ƙara taka ɗakin har sai na haihu, in Allah ya kai mu.

Alhamis da safe. Duk kwanakin duniya, sai ranar Tsohuwa.

Talata, 30 ga Satumba

Kwance. Silin ɗinmu yana da tsaga, ban taɓa lura ba.

Na kira Injiniya ko zai mayar da ni yamma. Ya ce da azahar zai kashe ta don ta huce kafin masu gyara. Laraba fa? Ta cika, ɗaliban wani sashe. Na kira asibiti, sun ce mai hoton rabin rana take yi.

Na yi ta lissafi. In na je da sassafe na ɗura, awa ɗaya, in wuce asibiti. Bene biyu ne kawai, sauka da hawa. Na faɗa wa Maigida lissafin. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce in na ce a kai ni zai kai ni, ba zai kulle ƙofa ba, ni ba yarinya ba ce. Sannan ya fita tsakar gida. Na jiyo shi yana fyace hanci.

Jinin ya ragu da yamma. Ko kuwa ni nake son in ga ya ragu.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ban kira ta ba. Ita ta zo, da rigar aikinta a jaka, ta yi sallama ta shigo har ɗaki ta zauna a bakin gado kamar gidan ubanta.

Ta ce tun ranar Juma'a kullum tana sauka wurin Injiniya da nata garin tana koyon sandar. Sau shida ta ɗura. Na farko ya tashi fuu, na biyu ta zubar a kan tebur, huɗun ƙarshe lafiya. Ta faɗi na farko da na biyun ba tare da na tambaya ba.

Na ce sinadarin nan ba shi da na biyu. Ta ce ta sani. Na ce in ya zube shi ke nan, shekara uku. Ta ce ta sani. Na tuna mata tuluna na bara. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yaya, na san ba ki yarda da hannuna ba. Ni ma da ni ce ke ba zan yarda ba. Amma kina da wani hannun?"

Na juya fuska bango. Haushi ya cika ni, na rasa na wa. Na daɗe a haka, ita kuma ba ta motsa ba, abin mamaki.

Makullin kabad ɗina yana cikin jakar hannuna, a ƙaramin zif. Na ce ta ɗauko. Na yi mata bayani: kwalbar tana cikin tukunyar busarwa, mai murfi shuɗi, kada ta buɗe ta a wajen akwatin hayaƙi, safa biyu, kada ko ɗigon ruwa ya kusance ta, metanol kuwa ko a ɗakin kada ya kwana. Allurar ta bushe. Zafi kaɗan-kaɗan, in ta ga haƙora sun fara leƙowa ta cire hannu daga maɓallin gaba ɗaya. 453. Na maimaita. Na sake maimaitawa. Ta ce, "Yaya, ko a mafarki aka tashe ni zan faɗa."

Da za ta fita gefen jakarta ya ture kofin da ke kan durowa. Bai fashe ba, na roba ne. Muka kalli juna. Ta ce, "Na gama ɓarnar gobe ke nan." Na ce ta ɓace mini da gani.

Na faɗa wa Malam ta waya, duka. Ya ce Allah ya raba lafiya, sannan ya ce da na faɗa masa tun farko da shi da kansa ya kore ni daga ɗakin. Na ce shi ya sa ban faɗa ba.

Ba na jin zan runtsa. Ina ta ganin allurar nan a hannunta.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sun sa na sha ruwa kofi huɗu, suka hana ni zagayawa. Layin ya yi tsawo. Wata mata kusa da ni, cikinta na shida, tana ta ba ni labarin yadda ƙafafunta ke kumbura, ni kuwa ko rabin abin da take faɗa ban ji ba.

Ɗakin hoton ƙarami ne, gado ɗaya da kujera ɗaya, kujerar ma an ɗora mata kwali. Maigida ya rasa inda zai tsaya sai ya tsaya a ƙarshen gado ya riƙe babban yatsan ƙafata. Man da mai hoton ta shafa mini sanyi ƙarara. Ta juya allon wajenta, ta yi ta zagayawa da abin a marata ba ta ce komai ba. Na san wannan shirun, sau biyu na taɓa jin sa. Na rufe ido. Na ce a raina, Allah, ka san dai.

Sai ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da ƙara. Da sauri-sauri, fat-fat-fat-fat, kamar ana gudu a kan bene. Na ce mene ne wannan. Ta ce, "Mutumin naki ne. Zuciyarsa ce." Ta juyo mini da allon. Wani ɗan abu kamar wake, da ɗigo a tsakiya yana ƙyaftawa. Maigida ya matse mini yatsa har sai da na ce wayyo. Ya roƙe ta ta ƙara sa ƙarar ya ɗauka a wayarsa, ta ce ba a yi, sannan ta sa.

Likita ta ce jinin daga gefe ne, ya tsaya, ɗan yana zaune daram. A ci gaba da hutu. Ta ƙara mini wasu ƙwayoyi.

Muka dawo. Yunwa ta kama ni irin wadda na manta da ita, na ci na ƙara, na kwanta wai in ɗan miƙe baya. Sai la'asar na farka. Ina laluben ƙwayoyin a jaka hannuna ya taɓo waya, a kashe.

Ba mantawa na yi ba. A asibiti ai kashe waya ake yi.

Kira tara, duk Gaggawa. Hoton allon Tsohuwa, a karkace ta ɗauka, har da rabin kan Injiniya. 453. Ya fi kowane layi tsawo, haƙoransa a jere, na buɗa hoton na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓace. Kuza riƙe da hannuna na huɗu. Saƙon muryarta duk ihu ne, abin da na tsinta kawai shi ne wai ta murza zafin a hankali har Injiniya ya tambaye ta ko barci take yi. Malam ya rubuto kalma biyu: "Kawo babin."

Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Na rubuta mata, "Sannu da aiki, ƙanwata," na ce gobe ta zo da takardar mu duba tare.

Daga nan na kifa wayar a kan katifa, na ce wa Maigida ya miƙo mini tasa. Ya tambaya me zan yi da ita, alhali ya sani.

Sau ɗaya kawai na ce zan ƙara ji.